Ni da Ɗana na Jikin Allo

Da na buɗe shagon man shafawa a Magama, dab da iyakar Nijar, na rantse ba zan manna hoton wata Balarabiya a allon tallata ba. Ni ma ai ina da fuska.

Na tsaya a kan mai hoto yana gyara hotona, ina ba da umarni kamar hafsan soja. Ya haska fatata, ya miƙe hancina, ya kwashe tumbin. Da ya iso kan tsagar gadonmu sai ya dakata.

"Alhaji, har da ita?"

"Goge!" na ce.

Aka kafa allo. Na fito da kujera na harɗe a ƙarƙashinsa, ina jiran yabo.

Motar Maraɗi ta sauke mata 'yan kasuwa. Wata Hajiya ta daɗe tana kallon allon, sannan ta dube ni cike da tausayi.

"Baba, man da ɗanka yake shafawa muke so. Tubarkalla, uwarsa ya biyo ko?"

Uwargidana, da ta kawo mini abinci, ta riga ni amsawa: "Ƙwarai, Hajiya. Uban kuwa haƙuri kawai muke yi da shi."

Na shiga ɗauko kwalaye. Kafin la'asar ko kwalba ɗaya ba ta rage a shagon ba.

Allon yana nan, kuma wallahi ba zan sauke shi ba. Har yau direbobin tasha in za su wuce sai su rage gudu: "Alhaji, ya wajen yaron?"

Nakan gyara hula in ce, "Yana gaishe ku. Shi ke riƙe da gidan."