Wandon Tirgal a Gaban Jama'a

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da bakina ya haƙa mini rami ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ƙaramin ma'aikacin biro, wato ofis, a Yamai, ina ji da kaina kamar ni na kori Faransawa. Wandon yadin tirgal guda gare ni, shi ne duk arzikina. Wata safiya matata Hannatu tana goge shi, maƙwabciya ta yi sallama, ta bar dutsen guga a kai. Ya ƙone daidai mazaunai, da siffar dutsen sak.

Haba! Na daina cin tuwonta, na daina amsa gaisuwarta. Kwana goma sha ɗaya tana ajiye kwano ina tsallakewa (in je in ci ƙosai a tsaye bakin hanya, kamar marar gida). Sau uku ta ba ni haƙuri, na yi kunnen uwar shegu. Ta yi wa wandon faci, na ci gaba da sa shi ina rufewa da doguwar kwat, a zafin nan na Yamai.

Ranar Lahadi za mu ci Jibin Ubangiji a majami'a, ga Fasto ya ƙetare kogi zuwa Harobanda duba marar lafiya, jirgin fito bai dawo da shi ba. Dattawa suka ce ai ni ne mai karatu, in riƙe jama'a kafin ya iso. Na buɗe Littafi wurin da ake maganar yafewa bakwai har sau saba'in. Da na karanta na zauna, da an rabu lafiya. Ina! Daɗin baki ya ɗebe ni. Na buga tebur na ce duk wanda ke da 'yar tsama da wani ya tashi yanzu su shirya, in ba haka ba kada ya taɓa gurasar nan.

Sai ga mace ta miƙe daga layin mata. Hannatu! Ta tako a hankali, ta durƙusa gabana, ta ɗaga murya yadda na baya ma zai ji.

"Maigida, ka yafe mini wandon da na ƙona. Yau kwana goma sha ɗaya ba ka ci tuwona ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Idanu duk suka sauko kan wandona. Inna Rahila, tsohuwar da ta riƙe mu a aure, ta gyara zama ta ce, "Juyo mu ga ɓarnar, ɗana." Na juya (me zan yi?), na ɗaga kwat. Ta leƙa, ta taɓe baki.

"A kan wannan? Facin ma ya fi wandon kyau."

Har dattawa sai da suka sunkuyar da kai suna girgiza. Da muryar da ban san tawa ce ba na ce na yafe, ita ma ta yafe mini. A hanyar gida ina cika ina batsewa, Hannatu ta ce, "Kada ka damu, Maigida, saura ɗari huɗu da tamanin da tara."

Tun daga ranar, kafin in yi wa kowa wa'azi, sai na tabbata na ci tuwon gidana.