Akwatin Salular Baba Ilya

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar ɗaurin auren ƙanwata Rabi a Gazawa, don saura ƙiris bokona ya wargaza shi.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a. Aikin da aka ba mu shi ne mu cuɗa roba da wani baƙin gari mai ɗaukar lantarki, na'ura ta riƙa shimfiɗa ta layi bisa layi har ta zama murfi. Amfaninta biyu: ga ƙwari, ga tare igiyoyin rediyo da na waya kada su rikita na'urorin asibiti. Ni ƙwarin kaɗai ya zauna mini a kai.

Baba Ilya, wan mahaifinmu kuma waliyyin amarya, salula ba ta shekara a hannunsa, kullum sai ta suɓuce yana bisa babur. Sai na yi masa ɗan akwati mai murfi da robar nan. Da safe na miƙa masa gaban jama'a, har na taka akwatin da ƙafa don a ga ƙwarinsa (ba wanda ya roƙe ni, ni na sa kaina). Ya saka salular, ya rufe, ya sa mini albarka.

Rana ta ɗaga, dangin ango daga Agiye shiru. Liman ya fara gyara zama. Wani ya ce a kira su, Baba ya hana.

"Su ke biɗar aure wurinmu, mu za mu bi su? Ko kira guda ba su yi ba. In raini ne, a tashi."

Rabi na ciki tana kuka. Ni kuwa ina gefen Baba ina taya shi faɗa, har da cewa mutanen nan ba su da ladabi.

An fara naɗe tabarmi sai ga kawun ango a bayan ɗan kabu-kabu, ya yi sharkaf da gumi. Motarsu ce ta mutu a hanya.

"Alhaji, tun da sahe muke kiranka, ba a samu."

"Salula na aljihuna, ko motsi ba ta yi ba," in ji Baba. Ya zaro akwatin ya buɗe don ya kafa hujja. Ba a jima ba saƙonnin kiran da ya rasa suka fara shigowa, ɗaya na bin ɗaya. Rezo, wato sabis ɗin waya, dama da ƙyar yake isa unguwarmu, akwatina ya ƙarasa shi.

Na ce da ƙaramar murya, "Baba, robar ce. Tana tare rezo."

"Ka san haka?"

"Shi ne ma karatun namu."

Jama'a suka fashe da dariya, na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya dube ni, ya dubi baƙonsa, ya kama hannunsa ya ba shi haƙuri, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Wannan ya fi dariyar jama'a yi mini ciwo. Aka mayar da tabarmi, aka jira sauran, aka ɗaura aure.

Baba bai taɓa goranta mini ba, Rabi ce dai har yau ba ta bari in taɓa mata waya. Ni ma tun ranar, in na ga laifi ya rasa mai shi a taro, nakan fara laluba kaina kafin in taya kowa faɗa.