Rasuwar Injin Jan Kaya na Hawa na Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya kusa rinjaya, Maman 'Yan Biyu ta hawa na huɗu ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar injin jan kayanta. Ya cika ranar Talata bayan azahar, yana da shekara uku a bakin baranda. A ranar, ɗaya cikin 'yan biyun ya tambaya a gaban mutane ko Baba Ƙarami ne ya kashe shi, aka toshe masa baki. Uwarsa ta ce yaron bai yi ƙarya ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Jarkar ruwa, tukunyar gas, buhun gawayi, duk ya hau da su yana 'yar waƙarsa, ƙurrr. Abu ɗaya ya roƙa a duniya: in ya ja sau uku, a bar shi ya huce minti goma sha biyar. In zafi ya yi masa yawa, maɓallinsa ya ce ƙas, ya tsaya da kansa. Ita ta sa aka yi masa rumfar kwano, take share ƙofofin iskarsa da tsohon buroshi, take taɓa jikinsa da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Jinyarsa ba ta kai awa ɗaya ba. Baba Ƙarami, ƙanin mijinta, mai kiran kansa injiniya, ya tashi gina wa tantabarunsa ɗaki a saman bene, ya ɗora wa bawan Allah bulo sittin ba hutu. Da maɓallin ya ce ƙas, ya danne shi da tsinken ashana. Don kada ƙarar ta tashe ta daga barci, ya lulluɓe injin da bargo. Warin ƙonanniyar waya ne ya tashe ta. Ta leƙo ta ga bulo shida na reto daidai saman inda 'ya'yanta ke wasa. Marigayin ya riga ya cika, amma birkinsa bai saki ba. Ya fi wanda ya kashe shi amana.

Ya bar igiyar ƙarfe, da ƙugiya, da jarkoki takwas, da mace mai cikin wata bakwai, wadda matakala sittin da takwas suka raba ta da famfo.

Za a fita da gawa Asabar da hantsi zuwa shagon mai naɗin waya, ko da sauran numfashi. Baba Ƙarami ne zai ɗauke ta a kafaɗa, shi kaɗai. Zaman makoki a kan matakala ne, inda zai riƙa hawa da jarkokin takwas kullum har injin ya dawo ko Maman 'Yan Biyu ta haihu, duk wanda ya zo daga baya.

Kai kuma mai shirin zuwa ka ce mata a yi haƙuri, ƙaddara ce, tsaya a famfo ka cika jarka tukuna. Wanda ya hau hannu rabbana ba za a buɗe masa ƙofa ba.