Yadda Ake Ɓoye Maɗaciya Ranar Hoton Ciki

Kai da likita ke zargin tsakuwa a maɗaciyarka, har ya tura ka hoton ciki kafin a yi maganar aiki, matso kusa. Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara saba'in da huɗu wuƙar likita ba ta taɓa fatata ba. Mota ta taɓa banke ni, na tashi na ba direban haƙuri. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci na'ura ba za ta ga komai ba. Sau biyu na gwada.

1. Yi kamar ba ka ji

Za su ce kada ka ci komai awa takwas kafin hoto. Wai in ciki ya zama wayam, maɗaciya takan cika a gan ta sarai. In ka ci maiƙo kuwa, sai ta matse ta tsuke. Malamar asibiti ta yi wa 'yata wannan bayani, ni ina kallon silin. Ka ga da bakinsu suka ba ni sirrin. Abin da ba a gani ba, ai ba a yanka shi.

2. Nemi uzurin bayi

'Yata ta kulle kicin, ta rataya makullin a wuya. Kada ka yi gardama. Kuna zama a bencin jira, ce za ka zaga. Bayan katangar asibiti akwai mai shayi. Ƙwai uku, mai ya ji, rabin burodi. Ci a tsaye.

3. Kwanta da girmanka

Mai hoto zai shafa maka wani abu mai yauƙi da sanyi, ya riƙa dirza maka ƙarƙashin haƙarƙarin dama. In ya ce ka riƙe numfashi, riƙe. Ni gyatsa ce ta ƙwace mini. Ya daɗe yana kallon allonsa, ya ce, "Baba, ku dawo mako mai zuwa." Nasara ta farko ke nan.

4. Goge gemu

Wannan a zuwa na biyu na koye shi. Mai hoto ya ajiye abin dirzawar, ya ce, "Baba, maɗaciya dai ban gan ta ba, amma na ga karin kumallo. Ƙwai nawa?"

Na ce, "Ɗana, ka san da wa kake magana?"

'Yata ta miƙo hannu ta ciro ɓarɓashin burodi daga gemuna. Har muka isa gida harara kawai take zuba mini. Da ma zagina ta yi.

5. Yi bikin nasara a ɗaki

Ni a ƙofar gida na yi nawa, bayan la'asar, ina ba tsofaffin layinmu labarin yadda na kayar da injin. Ina tsakiyar labari ciwon ya soke ni daga haƙarƙari har kafaɗa. An ce na yi birgima ina kiran Inna, wadda ta rasu shekara arba'in da suka wuce. Telan layinmu ya rantse ya ji. Tela maƙaryaci ne, amma akwai shaidu shida.

6. Zuwa na uku

Wannan karon ba wanda ya kulle kicin, ko ruwa ba ya zama a cikina. Minti biyar ba a yi ba mai hoto ya juyo mini da allon. "Ga ta, Baba. Ga kuma baƙinku, sun yi layi."

Na ce, "A kira mai wuƙar."

'Yata ta riƙe hannuna har aka tura ni ciki. Wuƙar da na guje wa wata guda ban ko gan ta ba, barci nake yi. Na farka da 'yan huda huɗu, ƙanana, waɗanda ko nuna wa mutane ba su isa ba. Tsakuwa tara aka ba ni a kwalba, ita nake kaɗa wa tela duk sanda ya ɗauko zancen Inna.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan ya yi birgima a gaban maƙwabta, babu ruwana. Alkawari na yi na'ura ba za ta gani ba, ban ce unguwa ba za ta ji ba. Mai ƙorafi ya samu 'yata; har yanzu makullin kicin na wuyanta.