Rasuwar Mai Gurnani, Na'urar Fulofi ta Shagonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai maiƙo, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar na'urarmu mai igiyar USB ta rubuta fulofi, ƙaramin faifan kwamfuta na zamanin da, wadda aka fi sani da Mai Gurnani. Ta cika a kan teburin yanka, tana tsakiyar aiki.

Ga wanda bai san ta ba: tsohuwar kwamfutar da ke tuƙa injin surfaninmu ba ta farkawa sai an sa mata faifan tashi. Marigayiya ce kaɗai mai rubuta wannan faifai a duk layinmu. In ya lalace, sai in jona ta da laftof, ta haɗiye sabo, ta yi "ƙirrr, tak, tak, ƙirrr", ta miƙo shi da ɗuminsa. Ba ta taɓa neman caji ba, ba ta san intanet ba, ba ta gulma. Cikinta ko hoton waya ɗaya ba ya ɗauka, amma ta riƙe gida.

Lafiyarta ƙalau, wallahi. Gurnanin nan shi ne lafiyar. Sai dai Yayana tela ne tun kafin a yaye ni, kuma a wurinsa duk ƙarfen da ya yi kuka mai yake nema. Na fita sayen zare na bar ta tana rubuta sabon faifan tashi, ya ji tausayinta, ya ɗura mata man keken ɗinki har ta ƙoshi. Da na dawo ya tare ni da albishir wai ya yi mata magani, ta yi shiru. Ta yi shiru kam. Har yanzu yana cewa da ma can ciwon ya ci ƙarfinta.

Ta rasu ta bar igiya guda, da tsohuwar kwamfuta a sume da duk zanenmu a cikinta, da injin surfani maraya. Faifanmu na ƙarshe kuwa ta tafi da shi a ciki. Ni kuwa raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Za a yi mata sutura da ƙyallen shadda, a ajiye ta a akwatin maɓallai. Wanka ba sai an yi ba, Yaya ya riga ya shafe ta da mai. Zaman makoki a shago ne. Masu riguna a wurinmu su zo da haƙuri, masu ta'aziyya kuma kowa ya taho da allurarsa, don wuyan riga yanzu da hannu za a yi shi.