Ranar da Majigi Ya Tona Mini Asiri a Gaban Kawu

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya koyar da manya dabarun kasuwanci ba. A lokacin ina aiki a ofishin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ke dillancin gidaje da filaye kusa da Ƙofar Dundaye a Sakkwato. Shi ya riƙe ni tun ina sakandare, shi ya saya mini kwamfutar da nake taƙama da ita. Aikina shi ne ɗaukar hoton gidaje in ɗora a shafinmu na intanet (shafin da, in za a faɗi gaskiya, ni kaɗai ke ziyartarsa).

Sai na yi wani kwas ta waya, na koyi yadda ake binciko kalmomin da mutane ke rubutawa idan suna neman abu a intanet. Dabarar ba ta da wuya. Mu muna tallata "katafaren gida na alfarma", alhali babu mai rubuta haka. Mai neman muhalli "ciki da falo a Tudun Wada" yake rubutawa, baƙon da ya zo ziyara kuma "masauki kusa da Hubbare". Wani ya rubuta Sokoto, wani Sakkwato. In ka gano kalmominsu ka zuba a shafinka, kai za su fara gani. Na gyara shafin, waya ta fara ƙara, kaina kuwa ya kumbura har hula ta fara matse ni.

Ana nan sai Hajiya Asabe, wata 'yar kasuwar atamfa da ta gina gidajen haya a Tudun Wada, ta ce tana neman wanda zai riƙe mata tallarsu. Kawu ya daɗe yana zawarcin wannan aiki. Ya ce in shirya in nuna mata "abin nan naka na kwamfuta". Na aro majigi, na sa shaddar sallah, na fesa turare kamar mai zuwa zance.

Hajiya ta zo da ƙaninta, Kawu ya zauna a gaba da carbinsa. Na haska allon kwamfutata a bango, na fara zuba.

"Hajiya," na ce, "mutum na iya ɓoye wa matarsa abin da ke ransa, ya ɓoye wa amininsa, amma ba ya yi wa wannan akwatin bincike ƙarya. Da ka fara rubutu, zai jero maka abin da ke damun jama'a."

Ta gyara mayafi ta ce, "To mu gani, ɗana."

Niyyata in rubuta "yadda ake samun gidan haya a Sakkwato". Na buga "yadda ake" kawai, na juya na fuskance su, don malamin kwas ɗinmu ya ce mai jawabi ba ya ba mutane baya. Abin da ban tuna ba shi ne, akwatin nan yakan fara jero abin da mai kwamfutar ya taɓa nema da kansa, kafin ya kawo na sauran jama'a.

"Ku karanta da kanku," na ce, ina nuna bango da babban yatsa. "Wannan shi ne ainihin abin da ke cin zuciyar mai bincike."

Ƙanin Hajiya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka tari ne. Kawu ya ciro tabarau ya saka, ya shiga karantawa da ƙarfi, a hankali, irin karatun mai duba takardar fili:

"Yadda ake maganin sanƙo tun bai yi nisa ba."

Na waiga. Ga su nan jere, manya-manya, kowane harafi ya kai tafin hannu.

"Yadda ake magana gaban manya ba tare da rawar murya ba," in ji Kawu. Sai ya ɗan tsaya, ya karanta na ukun: "Yadda ake barin aikin kawu ba tare da zumunci ya ɓaci ba."

Na kai hannu in rufe shafin, sai na kuskure, na ƙara wa rubutun girma. (Har yau ban san wane maɓalli na taɓa ba.)

Kawu ya cire tabarau ya dube ni. "Injiniya, wanga na ƙarshe, mutanen Sakkwato da yawa ka nemanai, ko mutum guda na?"

Na ce, "Kawu, ai... wani lokaci na'urar takan..."

"A'a," Hajiya ta katse ni, tana share hawayen dariya da bakin mayafi. "Kai da bakinka kac ce ba a yi mata ƙarya."

Ban san yadda na ƙarasa bayanin ba. Na dai tuna Hajiya ta yi tambayoyi masu ma'ana a kan gidajenta, na amsa idona na kan takalmina. Da za ta tafi ta ce ta ba mu aikin, don ta ga da idonta abin yana tono gaskiya. Ta ƙara da cewa in gwada man kaɗanya.

Da suka fita na fara naɗe wayoyin majigi, ina jiran hukunci. Abin da ya fi tsorata ni shi ne maganar ta kai kunnen Inna, a ce ɗanta ya yi wa ƙaninta butulci. Kawu ya ce in ajiye in zauna.

"Tun yaushe kake son tafiya?"

Na gaya masa gaskiya: ina son in buɗe nawa, in riƙa yi wa dillalai irin wannan aiki, amma kunya ta hana ni furtawa.

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Ni ma gun wani na koya, kuma na bar shi, ba mu ɓata ba. Abin da yab ba ni haushi, ina zaune kusa da kai kullum, kat tafi tambayar ƙarfe. Mi yac ce maka?"

"Ya ce in same ka mu yi magana cikin ladabi."

"To ka ga."

Bai kai ƙarata wurin Inna ba. Ya ba ni ɗan shagon da ke jikin ofishinsa, ya zama mutum na farko da na yi wa aiki da sunan kamfanina. Sai dai labarin ya zaga dangi kaf, har a wurin ɗaurin aurena wani ya tambaye ni ko na nemi izinin kwamfuta.

Darasin da na ɗauka guda biyu ne. Maganar da ta shafi ɗan'uwa, a kai masa ita tun tana ɗanya. Sannan duk wanda zai haska allonsa a bango, ya fara share gidansa kafin ya tallata na wasu.