Tsarin Mulkin Farantin Kabsa

Jama'a, yau Juma'a na tashi daga gaban faranti da zallar shinkafa a cikina, kuma dokar da na rubuta da hannuna ce ta ja mini.

Mu shida ne a gida ɗaya a nan unguwar Malaz, inda muka zo ci-rani a ƙasar waje, direbobi da magina. Ranar Juma'a kaɗai muke ganin kaza a kan kabsa, dafa-dukar mutanen nan. Mai Girma Sarkin Faranti, Alhaji Maiwada, shi ke rabo saboda ya girme mu. Cinya da ƙirji nasa, ni kuwa wuya. Shekara biyu ina cin wuya, har nawa ya fara ƙara tsawo.

Wanzamin unguwarmu, mutumin Arewacin Afirka, shi ya zuga ni. Yana yi mini aski yana ba ni labarin yadda aka kafa sarauta a ƙasarsu da tsarin mulki a rubuce: sarki yana kan gadonsa, amma majalisa ke yanke magana.

Na ce, "To, talakawa sun ƙoshi?"

Ya ce, "Ya shaikh, daina motsi, aska ce a hannuna."

Da ina da wayo, da na fahimta tun daga nan. Sai na koma gida muka rubuta namu a takardar buhun siminti. Sashe na ɗaya: Alhaji yana nan Sarki da girmansa. Sashe na biyu: ba shi da bakin magana a rabon kaza, sai majalisa. Na zaci zai yi faɗa, amma ya sa hannu yana murmushi, har da sa mana albarka.

Da muka sauko daga masallaci aka dire faranti, ni ne shugaban majalisa. Gali direba ya ce a raba daidai. Dabo magini ya zabura: "Haba! Mai ɗaga bulo a rana da mai murza sitiyari a inuwa su ci daidai?" Isiyaku ya nemi a kafa kwamiti. Muka miƙe tsaye muna nuna wa juna yatsa, kowa ya manta da abin da ya tara mu.

Da na waiwaya, sai ƙashi.

"Alhaji! Ina kazar?"

Bakinsa cike yake. Ya nuna mini takardar da yatsa mai maiƙo. Na karanta sau biyu, raina ya ɓaci ƙwarai: magana muka hana shi, ba ci ba. Kuma wa zai riƙe hannun babba a faranti? Masu rubuta wa ƙasashe tsarin mulki, Allah ya ƙara muku basira, amma ku riƙa waiwaye.

Na ce, "Yaya, a gyara sashe na biyu."

Ya ce shi mai bin doka ne, gyara aikin majalisa ne, mu tattauna a tsanake, kada mu yi gaggawa. Wai lokacin da ya fi dacewa shi ne Juma'a, bayan an sauko daga masallaci.